Pierre Janet: Likitan da ya bi sawun abin da firgici ke ɓoyewa a hankalin mutum

Akwai wani nau'in ciwo da ya daɗe yana rikita likitoci. Za a kawo mace hannunta ya shanye, ko idonta ɗaya ya daina gani, a duba jijiya, a duba ƙashi, a rasa inda cutar take. Ko kuma a tsinci magidanci a wani gari mai nisa, bai san yadda aka yi ya zo ba, bai ma iya faɗin sunansa. Wani kuwa kwanaki ne sukutum suke ɓace masa, a ba shi labarin abin da ya aikata a cikinsu ya rantse bai yi ba, kuma iyakar saninsa gaskiya ya faɗa. Likitocin yau suna kiran wannan rukuni cututtukan rarrabuwar hankali, wato halin da tunanin mutum, da abin da yake iya tunawa, da jin jikinsa, da sanin ko shi wane ne, suke daina tafiya tare. Mutumin da ya fi kowa a zamaninsa bin wannan al'amari daki-daki, ya bayyana yadda yake faruwa da yadda ake maganinsa, wani Bafaranshe ne mai suna Pierre Janet. Mai karatu a Najeriya yana iya zaton sunan mace ne. Faransawa ba sa furta harafin ƙarshe, kusan Jane suke cewa.

An haife shi a birnin Faris ranar 30 ga Mayun 1859, ya tashi a Bourg-la-Reine, wani ƙaramin gari da ke kudu da birnin. Gidansu gidan ilimi ne. Baffansa, Paul Janet, shahararren malamin falsafa ne a Jami'ar Sorbonne, ƙaninsa Jules kuma daga baya ya zama likita. Mahaifiyarsu 'yar yankin Alsace ce, mai tsananin riƙo da ɗariƙar Katolika. Yana da shekara 15 ya faɗa cikin matsanancin ƙuncin zuciya haɗe da shakku kan addinin da aka rene shi a kai, har karatunsa ya tsaya na watanni. Ya warke, amma tambayar yadda mutum yake gaskata abu, da yadda yake daina gaskatawa, ba ta sake shi ba har tsufansa. Abu na biyu da ya riƙe tun ƙuruciya shi ne tara tsirrai. Zai tsinko ganye ko fure, ya busar, ya manna a takarda, ya rubuta sunansa da inda ya same shi. Duk wanda ya karanta yadda daga baya ya riƙa rubuta labarin marasa lafiyarsa zai gane hannun mai tara tsirran nan.

A 1879 ya shiga École Normale Supérieure, makarantar da ke yaye manyan malaman Faransa. Ya kammala a 1882, kuma a farkon 1883 aka tura shi koyar da falsafa a makarantar sakandare ta Le Havre, birnin tashar jiragen ruwa da ke bakin Kogin Seine. A lokacin ko digirin likita ba shi da shi. Abin da ya kai shi asibiti shi ne neman abin da zai rubuta a kundin digirinsa na digirgir.

Wani likitan garin mai suna Gibert ne ya haɗa shi da wata mata baƙauya da ake kira Léonie, wadda ta yi suna wajen saurin shiga barcin hifnosis. Hifnosis dabara ce ta lallaɓa mutum da magana har ya shiga wani hali tsakanin barci da farke, inda yake karɓar umarni cikin sauƙi. An daɗe ana ganinta sana'ar 'yan damfara, sai a 1882 babban likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, Jean-Martin Charcot, ya wanke ta a gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa. Ana cewa Léonie tana iya shiga wannan barci ko da mai sa ta yana wata unguwa, da tunani kawai. Janet ya gwada, ya rubuta abin da ya gani, baffansa ya karanta takardar a wani taron masana a Faris a ƙarshen 1885. Nan da nan sunan matashin malamin ya yaɗu, har masu binciken gaibu daga Ingila suka yi takakkiya zuwa Le Havre a 1886 don ganin idonsu.

Wani da ya samu wannan tashe sai ya rungume shi. Janet ja da baya ya yi. Bai gamsu cewa gwajin ya toshe duk wata ƙofar kuskure ba, ya kuma ga yadda ake ambaton sunansa a kan abin da bai tabbatar ba. Sannan ya gano wani abu da ya sanyaya masa jiki: tun tana budurwa wasu masu wannan sana'a sun daɗe suna sa Léonie barci, kuma da yawa daga abubuwan da ya ɗauka shi ya fara ganowa, ɗabi'u ne da waɗancan suka dasa mata shekaru da dama kafin ya san ta. Daga nan ya kafa wa kansa ƙa'idojin da bai saki ba har ya mutu. Zai riƙa ganin mara lafiya shi kaɗai, ba tare da 'yan kallo ba. Zai rubuta duk abin da mara lafiya ya faɗa ko ya yi, kalma da kalma. Kuma sai ya binciki tarihin rayuwarsa gaba ɗaya, har da hannayen masu maganin da ya bi ta cikinsu a baya. Saboda yawan rubutun nan ne daga baya marasa lafiyar Faris suka laƙaba masa suna Dakta Fensir.

Abin da ya rage daga Léonie bayan an cire zancen gaibu ya fi gaibun ban mamaki. A farke mace ce mai sanyi, mai kunya, mai nauyin baki. Da ta shiga barcin sai wata ta fito, mai suna Léontine, mai surutu da barkwanci da zolaya, wadda ta san duk abin da Léonie ta sani amma tana ganinta wata sakarya ce daban. Léonie kuwa ba ta san da zamanta ba. Léontine tana cewa mijin na Léonie ne, 'ya'yan kuma nata ne. Da Janet ya bincika sai ya tarar a cikin wancan hali ta haife su, don haka tunawa da haihuwar tana ajiye a wancan ɓangare.

Wata budurwa 'yar shekara 19 mai suna Lucie ce ta nuna masa yadda abin yake aiki. Tana fama da firgita mai tsanani da ba ta san dalilinta ba, kuma fatar hannunta ba ta jin taɓi ko tsini. Janet yakan sa wani ya ɗauke mata hankali da hira, shi kuma ya tsaya a bayanta, ya sa mata fensir a hannu, ya riƙa yi mata tambaya cikin raɗa. Bakinta yana hira da wancan, hannunta yana rubuta masa amsa, ita kuma ba ta san yana yi ba. Idan ya mintsini hannun, Lucie ba ta ji, amma hannun yakan rubuta cewa an mintsine shi. Ashe jin yana nan, wani ɓangare ne na hankalinta ya karɓe shi bai miƙa mata ba. Ta wannan rubutu ne asalin firgitar ya fito: tana ƙarama wasu maza biyu sun ɓuya a bayan labule sun tsorata ta da sunan wasa.

A kan irin waɗannan ya gina bayaninsa. Hankali mai lafiya, a ganinsa, kullum cikin aikin haɗawa yake. Yana tattara abin da ido ya gani, da abin da jiki ya ji, da abin da zuciya ta ɗanɗana, ya ɗaure su wuri guda a matsayin abin da ya same ni. Idan tashin hankali ya fi ƙarfin mutum, ko ya same shi a gajiye ko yana yaro, wannan aikin haɗawa yakan gaza. Sai lamarin ya zauna a gefe, a wajen sanin mai shi, yana cin gashin kansa. Ma'aikacin ofis zai gane misalin: takarda ce ta shigo ba a yi mata rajista ba, ba a sa ta a fayil ba, in an tambayi akawu zai ce bai gan ta ba, amma umarnin da ke cikinta ana ta zartar da shi. Janet ya kira irin wannan abu tunani kafaffe da ke ƙarƙashin sani, kuma shi ake danganta wa ƙirƙiro kalmar Faransanci da ke nufin ƙarƙashin sani, wadda ta bazu a harsunan Turai.

Labarin Marie ne ya nuna cewa bayanin yana iya zama magani. Ita ma shekararta 19 aka kawo ta asibitin Le Havre daga ƙauye, an yanke ƙauna cewa mahaukaciya ce. Duk wata, jinin al'adarta yakan zo ya tsaya bayan kimanin sa'a 20, sai makyarkyata ta kama ta, ta shiga sambatu da ihu na kwanaki, tana ambaton jini da wuta. Idonta na hagu kuma ba ya gani, ita da kowa sun ɗauka haka aka haife ta. Bayan watanni ana magani ba ci gaba, Janet ya sa ta barci mai zurfi ya mayar da ita baya. Tana shekara 13 al'adarta ta fara zuwa, kunya ta kama ta, ta ɗauka abin kunya ne ya same ta, ta fita a ɓoye ta shiga babban bahon ruwan sanyi don ta tsayar da shi. Ya tsaya kuwa, amma ta koma gida da makyarkyata da zazzaɓi da sambatu, kuma bai sake zuwa ba sai bayan shekara biyar. Abin da take yi duk wata maimaicin wancan yini ne. Ihun jini kuma ya samo asali daga wata tsohuwa da ta gani ta faɗo daga bene ta mutu, lokacin tana shekara 16. Makantar kuwa ta fara ne tana shekara shida, da aka tilasta mata kwana gado ɗaya da wani yaro mai ƙuraje a gefen hagu na fuskarsa.

Fito da waɗannan abubuwa fili kaɗai bai warkar da ita ba. Sai Janet ya mayar da ita kowane lokaci a cikin barcin, ya sauya mata abin da ya faru. Ya gamsar da ita cewa al'adar ta yi kwanakinta uku lafiya, tsohuwar tuntuɓe kawai ta yi, yaron kuma fatarsa sumul take har ta shafa fuskarsa ba ƙyama. Da ta farka, idon hagu yana gani. Watanni biyar bayan haka, lokacin da ya rubuta labarin, babu alamar ciwon ko ɗaya. Dole a faɗi cewa likitan kirki a yau ba zai yarda ya musanya wa mutum tarihinsa da na ƙarya ba, ko da da kyakkyawar niyya, domin hannun da ya iya goge abin da ya faru zai iya rubuta abin da bai faru ba. Amma a shekarun 1880, ganin cewa makanta tana iya zama tunawa, kuma magana tana iya buɗe ido, babban al'amari ne.

Ya tattara wannan aiki a kundin da ya kare a Sorbonne a watan Yunin 1889, mai suna L'Automatisme psychologique, wato ayyukan da hankali ke yi da kansa ba da sanin mai shi ba. A shekarar ya koma Faris, yana da shekara 30, ya shiga karatun likita yana kuma koyarwa don ya ci abinci. Charcot ya buɗe masa ɗakin bincike a Salpêtrière, katafaren asibitin da a lokacin likitocin duniya ke tururuwa zuwa cikinsa. Ya kare kundinsa na likita, kan yanayin hankalin masu ciwon da ake kira histeriya, a ƙarshen Yulin 1893. Ba a yi mako uku ba Charcot ya mutu. A 1894 Janet ya auri Marguerite Duchesne, suka haifi 'ya'ya uku, Hélène da Fanny da Michel.

A Salpêtrière ne ya gamu da mara lafiyar da labarinsa ya fi yawo. A ƙarshen 1890 aka kawo wani ƙaramin ɗan kasuwa mai shekara 33, wanda Janet ya sakaya da suna Achille. Watanni kafin nan ya yi wata 'yar gajeriyar tafiyar kasuwanci, ya dawo ya zama wani mutum daban, shiru, ba ya kula iyalinsa. Wani likita ya ce ciwon suga ne, wani ya ce zuciya ce. Ya kwanta kamar gawa na kwana biyu, sannan ya tashi da wata muguwar dariya yana cewa ya mutu ya shiga wuta, kuma Shaiɗan ya shige jikinsa. Daga bakinsa murya biyu ke fita, ɗaya tana saɓo da zage-zage, ɗaya tana kuka tana cewa tilasta mata ake yi. Yana yakushin fuskarsa har jini. Duk ƙoƙarin sa shi barci ya ci tura.

Janet bai tsaya gardama da shi kan ko Shaiɗan ne ko ba shi ba ne. Dabarar Lucie ya ɗauko. Ya sa masa fensir a hannu yana cikin sambatu, ya koma bayansa ya yi magana da muryar kai tsaye, hannun kuma ya riƙa ba da amsa da sunan Shaiɗan. Sai Janet ya nuna shakkar ƙarfinsa, ya nemi hujja: in da gaske yana da iko, ya ɗaga hannun mutumin nan ba da sonsa ba. Hannu ya tashi. Ya ci gaba da ƙananan buƙatu, daga ƙarshe ya ƙalubalance shi ya sa Achille barci a kujera. Girman kai ya ja shi cikin tarko, Achille ya yi barci, kuma a karo na farko ya amsa tambayar likita da bakinsa. A tafiyar nan ya ci amanar matarsa. Ya binne maganar, ya shiga tsara wa kansa hukunci a zuci, daga ciwo zuwa mutuwa zuwa wuta, kuma kowane mataki na wannan mafarki ya riƙa bayyana a jikinsa. Janet ya daɗe yana aiki a kan wannan nadama, har ya sa shi ya ga matar a cikin barcin tana yafe masa. Muryar ta yi shiru. Shekaru bayan haka Janet ya ba da rahoton cewa mutumin yana nan lafiya yana harkokinsa.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga wanda ya taso a ƙasar Hausa, inda kusan kowa ya taɓa ganin wanda aka ce iska ta buge shi. Labarin Achille bai yanke hukunci kan samuwar aljanu ba, wannan fage ne na malaman addini. Abin da ya nuna shi ne, a wannan mutum, muryar ta tafi lokacin da sirrin ya fito aka kuma sauke nauyinsa. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya har yau yana ɗauke da halin da mutum ke jin wani ƙarfi ya karɓe ragamar jikinsa, a cikin rukunin rarrabuwar hankali. Sai dai yana lissafa shi a matsayin ciwo ne kawai idan yana zuwa ba da son mai shi ba, yana hana shi rayuwa, kuma ba ya cikin abin da addini ko al'adar mutanensa suka amince da shi. Kafin a kai ga wannan ma, wajibi ne likita ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce, ba ƙwaya ba ce, ba rauni ba ne a ƙwaƙwalwa, domin suna iya kama da juna ƙwarai.

Idan Achille ya fi suna, Irène ta fi koyarwa. Budurwa ce matalauciya mai sana'ar ɗinki, mahaifinta mashayi, mahaifiyarta tana fama da tarin fuka. Ita kaɗai ta yi jinya, tana ɗinki da rana tana gadin gado da dare, kusan dare 60 ba barcin kirki. A daren da uwar ta cika, Irène ta yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita, gawar ta faɗo daga gado, ta sha fama ita kaɗai kafin ta mayar da ita. Bayan haka sai abin ya shafe daga kanta. Ta yi dariya a wurin jana'iza. In an ce mata uwarta ta mutu, takan karɓa don an faɗa, amma ba ta jin komai, ba ta kuma tuna komai na watannin jinyar. Amma da ta ga gado a wani yanayi, sai idonta ya kafe, ta daina jin kowa, ta maimaita daren nan ɗaya bayan ɗaya na tsawon sa'o'i, ta farka ba ta san ta yi ba.

Janet ya wallafa labarinta a 1904. Daga gare ta ya fitar da wata fahimta da masana suke jinjina wa har yau, cewa tunawa aiki ne, kuma aikin shi ne ba da labari. Mai lafiya yakan taƙaita abin da ya same shi, ya sa shi a gurbinsa na jiya, ya faɗe shi ga wani daidai da mai sauraro. Wanda firgici ya raba wa hankali ba ya iya wannan, sai dai lamarin ya sake aukuwa a kansa kamar yau ne. Bayan watanni na jinya, Irène ta iya zama ta faɗi yadda uwarta ta mutu, da hawaye, cikin ƙasa da minti ɗaya. Da labarin ya samu, maimaicin ya tsaya.

Yadda ya fahimci magani zai yi wa ɗan kasuwa daɗin ji, don da harshen kasuwa ya bayyana shi. A wurinsa kowane mutum yana da jarin ƙarfin zuciya, yana kuma da gwargwadon iya juya jarin, kuma biyun ba ɗaya ba ne. Mai ciwo mutum ne da abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Don haka aikin likita ya fara da ƙara kuɗin shiga, wato barci da abinci da hutu. Sai rage kashewa, wanda wani lokaci yana nufin raba mara lafiya da gidan da rigima ba ta ƙarewa, ko sauƙaƙa masa ɗawainiya. Sannan a zo kan bashi, wato tsofaffin lamuran da ba a rufe ba, waɗanda suke cin riba a ɓoye kullum. Bai yarda a tono mummunan abu ga wanda ba shi da ƙarfin ɗaukarsa ba, yana ganin hakan na iya ƙara dagula shi. Ya kuma lura cewa marasa lafiya sukan maƙale wa likita har su kasa yanke shawara sai da shi, don haka yakan yi amfani da wannan shaƙuwa da farko, sannan ya riƙa tsawaita tazarar ganawa sannu a hankali har mutum ya tsaya da ƙafarsa. Wasu ya bi su fiye da shekara 20. Duk wannan yana cikin littafinsa mai juzu'i uku kan hanyoyin warkarwa ta fuskar hankali, wanda ya fito a 1919.

Ta fuskar muƙami bai rasa komai ba. A 1902 ya gaji Théodule Ribot a kujerar ilimin halayyar ɗan Adam ta Collège de France, ya riƙe ta fiye da shekara 30. Carl Jung ya zauna a ajinsa a hunturun 1902 zuwa 1903. A 1906 ya gabatar da laccoci 15 a Jami'ar Harvard ta Amurka, jami'ar da ta ba shi digirin girmamawa a 1936. Amma ƙasar da yake tsaye a kai ta riga ta fara zaizayewa. Bayan mutuwar Charcot, almajirinsa Joseph Babinski ya koyar da cewa histeriya abu ne da shawara ke haifarwa lallashi kuma ya kawar, daga nan likitoci da yawa suka koma yi wa masu ciwon kallon 'yan wasan kwaikwayo. A 1910 sabon shugaban sashen, Jules Dejerine, ya raba Janet da ɗakin bincikensa na Salpêtrière.

Sai kuma Sigmund Freud. Shi ma ya yi watanni a wurin Charcot daga 1885 zuwa 1886, kuma a takardar da suka wallafa da Josef Breuer a 1893 sun ambaci aikin Janet. Daga baya hanya ta rabu. Janet yana ganin hankali gazawa yake yi ya riƙe abin da ya fi ƙarfinsa. Freud yana ganin hankali da gangan yake danne abin da ba ya so, musamman sha'awa. A babban taron likitoci na duniya da aka yi a Landan a 1913, Janet ya soki koyarwar Freud, ya kuma yi iƙirarin cewa yawancinta nasa ne aka sauya wa suna. Ernest Jones, na hannun daman Freud, ya mayar masa da martani mai zafi. Ƙullin bai warware ba: a 1937 Janet ya nemi ganin Freud a Biyana, babban birnin Austiriya, Freud ya ƙi, duk da cewa surukin Janet, Édouard Pichon, mijin Hélène, yana cikin jagororin mabiya Freud a Faransa.

Adalci shi ne a ce Janet ma ya taimaka wajen binne kansa. Bai kafa ƙungiya ba, bai tara almajirai masu kare shi ba, yayin da Freud ya gina rundunar mabiya a ƙasashe da dama. Ya kuma jingina da yawa ga batun raunin gado, yana ganin wasu da rauninsu aka haife su, ra'ayin da ya rage wa abin da shi da kansa ya gano nauyi, wato rawar da mugun abin da ya sami mutum yake takawa.

Tsufa bai hana shi neman sani ba. Yana da shekara fiye da 80 ana ganinsa a asibitin Sainte-Anne yana sauraren laccar Jean Delay, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa. Matarsa ta rasu a 1943. Shi kuma ya mutu a Faris ranar 24 ga Fabrairun 1947, yana da shekara 87, ya bar littafi kan yadda ɗan Adam yake gaskata abu bai kammala ba. Mutuwar ta zo daidai lokacin da ma'aikatan ɗab'i ke yajin aiki, jaridun Faris ba sa fitowa, don haka mutane da yawa ba su ji ba sai bayan makonni. Fayilolin marasa lafiyarsa, fiye da 5,000, an ƙone su bisa wasiyyarsa, domin kada sirrin da aka ba shi amana ya faɗa hannun wani.

An yi shekara fiye da 20 kusan ba a ambatonsa, sai a 1970 masanin tarihi Henri Ellenberger ya ware masa dogon babi a littafinsa kan tarihin binciken ɓoyayyen hankali. Lokacin ya dace, domin likitocin Amurka suna ta karɓar sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, da matan da aka yi wa fyaɗe, da manyan da aka ci zarafinsu suna yara, suna ganin abin da Irène ke yi. A 1980 kundin ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Amurka ya sanya ciwon da ke biyo bayan firgici, ya kuma ware wa cututtukan rarrabuwar hankali babi nasu. A 1989 Onno van der Hart da Paul Brown da Bessel van der Kolk suka fitar da matakai uku daga rubuce-rubucen Janet: a fara daidaita mara lafiya da tabbatar da tsaronsa, sannan a tunkari abin da ya faru da shi a hankali, sannan a mayar da shi cikin iyali da sana'a. A kan wannan tsari mafi yawan masu jinyar wannan ciwo suke tafiya yanzu. Babu ƙwayar da ke warkar da rarrabuwar kanta, magungunan da ake bayarwa na ƙunci ne da fargaba da rashin barci da ke rakiyarta.

Dawowar ba ta zo ba tare da ɓarna ba. A shekarun 1980 da farkon 1990 an samu ambaliyar masu cewa suna ɗauke da mutane da yawa a jiki guda a Amurka, kuma daga baya ya tabbata cewa wasu masu jinya, ta hanyar hifnosis da tambayoyi masu jan baki, sun dasa wa marasa lafiya tunawa da abubuwan da ba su faru ba, har iyalai suka watse aka shiga kotu. Tarkon da Janet ya gano a kan Léonie ke nan, shekara ɗari kafin su. Yawancin waɗannan masu jinya ba su da hanyar karanta gargaɗin daga tushe, domin kundinsa na 1889 bai samu cikakkiyar fassara zuwa Ingilishi ba sai bayan shekara fiye da 130 da fitowarsa.